Na kai kakata Hubbaren Shehu, na dawo da tambaya

Aminu Gusau

Assalamu alaikum. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi zauren nan, tunda akwai malamai, akwai kuma Sakkwatawa.

Kakata ta wajen uwa, Inna muke ce mata, ta haura tamanin. Tun bara take damuna in kai ta Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ina ta kawo mata uzuri. Gaskiyar magana ni ne raina bai kwanta da tafiyar ba, don a Islamiyya na taso, kuma kowa ya san abin da ake koya mana a kan kaburbura. Da azumi ta yi wata jinya har muka fid da rai. Da ta samu sauƙi sai ta ce mini, "Aminu, ko sai na mutu za ka kai ni?" Daga nan bakina ya mutu.

Mun bar Gusau bayan sallar asuba. Ta ƙulle mudu biyu na gero a tsumma, ga man shanu a 'yar kwalba. Na ce Inna, bari in ba ki kuɗi ki yi sadaka da su, ya fi sauƙin ɗauka. Ta ce ita ba a koya mata zuwa gidan Shehu hannu rabbana ba, kuma kuɗi ba daga gonarta suka fito ba.

Da muka isa muka cire takalma, ƙasa ta ɗau zafi. Tsohuwar da ko bayi sai an riƙe ta a gida, sai ga ta a gabana ina bin ta. Muka yi wa Shehu sallama, muka yi addu'a. Amma da aka nuna mana wajen Nana Asma'u sai ta zauna dirshan, ta fara wata waƙa ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa jin ta a bakinta ba, tana jero sunayen mata: Nana A'isha, Nana Faɗima, Rabi'atul Adawiyya, da wasu da ban sani ba. Hawaye na bin fuskarta. A mota take gaya mini tana 'yar shekara goma sha biyu ta fara zuwa, a ƙafa, bayan wata tsohuwa da suke kira jaji.

To a wajen fitowa na ga wata mata ta duƙa ta dumbuzi ƙasa ta ƙulle a haɓar zaninta. Wata kuma ta shafa bango ta shafe fuskar jaririnta. Nan gabana ya faɗi.

Tambayata: mene ne asalin wurin nan? Shi Shehu da kansa me ya ce a kan irin wannan? Ni kuma da na kai ta, na yi laifi?

Abu Huzaifa

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri a kan biyayya ga kakarka, wannan kam ba a magana.

Ziyarar kabari ita kanta sunna ce. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana da farko, daga baya ya ce a ziyarta. Manufarta biyu ce, ka tuna lahira, ka yi wa mamaci addu'a. Shi ke bukatar addu'arka, ba kai ke bukatar wani abu a wajensa ba. Amma akwai abubuwa uku da nake so ka duba. Ɗaura niyyar doguwar tafiya don wani wuri mai falala, hadisi ya taƙaita shi ga masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Gini a kan kabari kuwa, Annabi (SAW) ya aiki Sayyidina Ali kada ya bar kabarin da aka ɗaga face ya daidaita shi. Ɗibar ƙasa da shafa bango, wannan ƙofar shirka ce a buɗe. Faɗuwar gaban da ka ji, imani ne ya motsa.

Shawarata ka yi istigfari, nan gaba in ta ce ka kai ta ka lallashe ta ta yi wa Shehu addu'a daga ɗakinta. Addu'a ba ta bukatar mota.

Malam Bello Mabera

Aminu, sannu da hanya, Allah shi ƙara ma Inna lafiya. Bari in ɗauki tambayarka ta farko, don ita ce tawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wurin ga ba maƙabarta anka gina ba. Gidan Shehu na. An haife shi a Maratta a 1754, yat tashi a Degel, nan yay yi karantarwa shekaru. A Fabrairun 1804 sunka yi hijira zuwa Gudu, anka yi mishi mubaya'a, cikin watan Yuni anka gwabza a Tabkin Kwatto. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello yaf fara gina Sakkwato. Shi Shehu bai zo nan kai tsaye ba, Sifawa yaz zauna, yana karantarwa yana rubutu, ya bar ma ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello sha'anin mulki. Sai 1815 yad dawo Sakkwato, anka yi mishi gida a sabon ɓangaren gari, kusa da inda masallacin Shehu yake yau. Shekara biyu kacal yay yi cikin gidan, yar rasu a watan Afrilun 1817, anka rufe shi nan cikin gidansa.

Kalmar hubbare ta bakin Fulani ta shigo muna, asalinta ƙubba ta Larabci. Da tafiya tat tafi anka riƙa rufe iyalinsa kusa da shi, 'ya'ya da mata da jikoki, har da Nana Asma'u da tar rasu a 1864. Sarakunan Musulmi na baya-bayan nan ma can suke: Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1988, Muhammadu Maccido bayan hatsarin jirgin Oktoban 2006, Ibrahim Dasuki a 2016.

Amma kada ka ɗauka duk manyan suna nan. Bello na Wurno, ribaɗin da yag gina, can yar rasu a 1837. Abdullahi na Gwandu. Attahiru na farko kuwa a Burmi yay yi shahada a 1903 bayan Turawa sun ci Sakkwato. Shi ya sa tsofaffinmu in sun ce za su ziyara ba wuri guda suke nufi ba.

Isuhu Ƙonni

Malam Bello, Allah shi biya. Maratta ɗin ga da kac ce, nan wajenmu take cikin Nijar, kusa da Galmi. Mu iyaka ba ta taɓa raba mu da Hubbare ba. Tun ina yaro, in an gama girbi tsofaffin garinmu ka haɗa kuɗin mota su bi ta Illela su tafi. Uwata ta je sau huɗu. Ba ta iya karatun boko ba, amma farillan alwala da na salla a waƙe ta san su, ta ce can anka koya ma uwarta.

Muƙaddami Kabiru

Abu Huzaifa, kun iya kawo hadisi, amma kuna son ku raba Shehu da rigarsa. Shehu Usmanu Baƙadire ne, sufi ne, ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi da kansa ya rubuta cewa yana da shekara arba'in, wajen 1794, aka haɗa shi da Annabi (SAW) da Sidi Abdulƙadir Jilani aka ɗaura masa takobin gaskiya. Yana da wuridi. Yana da waƙa ta Fillanci da ya yi tawassuli da Sidi Abdulƙadir a cikinta, ƙanensa Abdullahi ya mayar da ita Larabci. Jama'arsa Ƙadirawa ake kiran su. Kuma yana ɗan shekara ashirin ya yi ƙasidar nan ta begen tafiya Madina don ya ziyarci kabarin Annabi (SAW), wadda har yau almajirai ke rerawa. Allah bai nufe shi da zuwa ba. Mutumin da begen ziyara ya cika masa zuciya tun yana saurayi, shi za ku ce bai san ziyara ba?

Hadisin masallatai uku kuma, malamai da dama sun ce a kan masallatai yake magana, wato kada ka yi tafiya zuwa wani masallaci kana ganin sallarsa ta fi, ban da waɗannan uku. Ba su shigar da ziyarar salihai a ciki ba. Saɓani ne tsoho, ba yau aka fara ba.

Abu Huzaifa

Muƙaddami, ban ce Shehu ba Baƙadire ba ne. Na ce ba ma'asumi ba ne. Imamu Malik da ku da mu duk muke bi, an ruwaito ya ce kowa ana karɓar maganarsa ana mayarwa, sai mai wannan kabari, yana nuna kabarin Annabi (SAW). Kuma tunda ka kawo Shehu, to mu je ga Shehun. Ka buɗe littafinsa Ihya'us Sunna, babin jana'iza da kaburbura, ka gaya wa zaure abin da ka gani.

Muƙaddami Kabiru

Na karance shi a gaban malamina tun kafin a kafa ƙungiyarku ta Izala a Jos a 1978.

Sadiya A.

Don Allah malamai, mu da ba mu karanta ba fa? Ku faɗa mana abin da ke ciki mana, ku bar gugar zana.

Malam Bello Mabera

'Yar uwa ta yi gaskiya. Bari in faɗa, ko da kowane ɓangare zai ji rabin bai yi mishi daɗi ba.

A cikin littafin ga, da wani ƙarami da yay yi a kan bidi'o'i, Shehu ya jero abubuwan da mutane ka yi wajen kabari ya kira su bidi'a. Shafar kabari don neman albarka na ciki. Ɗibar ƙasarsa na ciki. Yin salla a kansa da gina masallaci bisansa na ciki. Kuma ba daga littattafan Najadu yaɗ ɗauko ba, daga malaman Malikiyya na, irin su Ibnul Hajj da Ahmad Zarruƙ, wanda shi kansa babban sufi na. To matar da Aminu yag gani tana ƙulla ƙasa, in da mai gidan na raye shi za ya fara hana ta. Wanga ba ya da ja.

Amma ziyarar ita kanta bai hana ba. Bai kuma ɗauki tawassuli da salihai shirka ba, don shi ma ya yi, 'ya'yansa sun yi, Waziri Giɗaɗo har littafi ya rubuta a kan karamominsa. Shehu mutum guda na, mu munka raba shi biyu, kowa ya ɗauki rabin da ya yi mishi ya tafi da shi masallacinsu.

Jamilu 09

Ni dai a ganina tunda shi ma ya hana, kawai a rushe ginin a huta. Saudiyya ba ta rushe na Baƙi'a ba?

Mai kula da zaure

Jamilu, ka iya bakinka. Zauren nan na ilimi ne, ba a kiran rushe-rushe a cikinsa. Wannan gargaɗi ne na farko.

Abu Huzaifa

Jamilu, kada ka jingina wannan da ni. Wanda ya aiki Sayyidina Ali shugaba ne, ba wani saurayi ne ya ɗauki gatari da kansa ba. Mun ga abin da aka yi a Tumbutu a 2012, aka farfasa hubbarorin malamai, ba wanda ya shiryu ta dalilin haka, sai baƙin jini da aka ja wa sunna. Wanda ya jagoranci abin ma kotun duniya ta ɗaure shi shekara tara a 2016, aka kuma sake gina wuraren. Ni da baki nake wa'azi, kuma ina girmama Shehu fiye da yadda kake zato. Ba don shi ba da wataƙila ni da kai muna can muna yanka wa duwatsu kaji.

Malama Rabi'atu

Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa. Ku maza kun tafi kan gini da ƙasa, kun bar tsohuwa zaune da geronta ba wanda ya tambayi daga ina ta fito. Aminu, ɗana, kakarka 'yar taru ce. Ka san abin da ka ɗauko a motarka kuwa?

Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su san komai na addini ba, da yawa an kamo su a yaƙi, da yawa bori suka sani. Matan aure ba za su bar ɗakunansu su zo birni karatu ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, ita ta nemo dabara. A kowane gari ta sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa a ka. Malfar nan kuwa da can Innar Gobir ke sa irinta, shugabar 'yan bori. Asma'u ta ɗauke ta ta ɗora a kan malamai mata, duk wadda ta gani ta san yanzu ga inda girma ya koma.

In rani ya yi an kai amfanin gona gida, jaji sai ta tara tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba, su kamo hanyar Sakkwato a ƙafa. Ka ga dalilin da Inna ta zo tana 'yar sha biyu. Suna tafe da abin da matan aure suka ba su saƙo: hatsi, man shanu, zuma, zare, ɗan ƙyalle. Asma'u ta karɓa ta rabar wa mabukata. Su kuma ta zaunar da su ta koya musu waƙoƙin da ta tsara, don ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tauhidi a waƙe, alwala da salla a waƙe, tarihin Annabi (SAW), sunayen surorin Alƙur'ani, tsoron wuta da kwaɗayin aljanna. Su haddace, su koma gida su shiga ɗaki-ɗaki su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Su ne masu wankan gawar mata, su ne masu sharar masallaci, su ne masu sasanta kishiyoyi. Da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba, bayanta aikin ya zauna a hannun matan gidan da ake kira modibbo, a nan Hubbare.

Waƙar da ka ji tana jero sunayen mata, ga dukkan alamu ita ce wadda Asma'u ta yi a kan mata salihai, ta faro daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta biyo ta kan su Rabi'atu, ta sauko har kan matan zamaninta da ta sani ido da ido. So take mace ta ƙauye ta ji cewa mata ma sun kai inda maza suka kai a wajen Allah.

Mahaifinta ne ya share mata hanya. A Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To geron da Inna ta ƙulle ba hadaya ba ce ga kabari. Guzurin ɗaliba ne da ta saba kai wa gidan malamarta, a ci a ba miskinai. Shekara saba'in ke nan hannunta bai manta ba.

Ni abin da ke ci mini rai, matar da ta dumbuzi ƙasa ba ta samu jaji ba. Da mota ta zo, ta yi awa guda, ta koma. Ba wanda ya zaunar da ita. Kakanninta sukan kwana a nan su koma da baiti ashirin a ka, ita ba ta da abin komawa da shi, sai ta ɗebi abin da hannunta ya kai.

Isuhu Ƙonni

Malama, wallahi kin sa ni kuka. Abin da uwata ka yi ke nan ban san sunansa ba sai yau.

Abu Huzaifa

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ban san zancen malfar nan ba, na ƙaru, kuma na janye kalmar da na yi wa Aminu ta ya hana ta zuwa ba tare da na san me ya kai ta ba. Amma ina nan a kan abu biyu. Akwai hadisin la'anar mata masu yawan ziyarar kaburbura. Sannan ita waƙar, in ban yi kuskure ba, tawassuli ce da waɗannan matan. Sayyidina Umar da aka yi fari bai je kabarin Annabi (SAW) ba, Abbas ya sa ya yi addu'a don yana raye. Wannan na Bukhari ne. A koyar da mata, na yarda ɗari bisa ɗari. A koyar da su a makaranta, ba a bakin kabari ba.

Malama Rabi'atu

Malam, ai kai ma ka ce masu yawan ziyara. Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) me za ta ce in ta je maƙabarta, ya koya mata sallamar, bai ce mata kada ta je ba. Wannan ma a Muslim yake. Tsohuwa mai shekara tamanin da ta zo sau ɗaya bayan shekaru, ba kururuwa ba yage tufafi, ban ga ta shiga wancan hadisin ba.

Tawassuli kuwa, e, haka waƙar take, ba zan ɓoye ba. Ni kaina in zan roƙi Allah da sunayensa nake roƙo, haka na zaɓa. Amma ba zan iya buɗe baki in ce Asma'u ba ta san tauhidi ba, alhali da waƙarta dubban mata suka bar bori. Zancen makaranta kuma, gidan makaranta ne kafin ya zama kabari. Mu muka bar karatun ya yi rauni, muka bar kabarin shi kaɗai.

Tijjani Ƙoƙi

Bari in sa baki a matsayina na ɗan Tijjaniyya, don mutane suna ɗauka duk 'yan ɗariƙa abu ɗaya muke a kan ziyara. Mu a sharuɗɗan ɗariƙarmu, wanda ya karɓi wuridi ba ya zuwa wajen wani waliyyi da ba na ɗariƙa ba don neman madadi, rayayye ko matacce, ban da annabawa da sahabbai. Shi ya sa za ka ga namu sun nufi Fas wajen Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, shekara biyu kafin Shehu Usmanu, ko Kaulaha wajen Shehu Ibrahim Inyass. Amma girmama waliyyai duka wajibi ne a kanmu. Ni na je Hubbare sau biyu, na yi sallama, na yi masa addu'a a matsayin malamin da ya raya addini a ƙasarmu, na fito. Alaƙar ma tsohuwa ce, Shehu Umarul Futi ya zauna Sakkwato shekaru a zamanin Bello har ya auri 'yarsa. Ɗibar ƙasa kuwa ko a Kaulaha na ga an yi, na kuma ga an tsawatar. Jahilci ba shi da ɗariƙa.

Muƙaddami Kabiru

A kan ƙasa da shafa bango ba ni da ja, ban taɓa koya wa muridi haka ba. Inda muka rabu da Abu Huzaifa shi ne kalmar shirka. Matar nan ka tambaye ta wa ke warkar da ɗanta, Allah za ta ce maka. Kuskure ta yi a hanya, ba ta canza Ubangiji ba. In ka ce mata mushrika ba za ta sake sauraronka ba har abada.

Abu Huzaifa

Ƙofar shirka na ce, ban ce ta shiga ba. Amma wanda ya ga yaro a bakin rijiya ba ya jira sai ya faɗa. A nan dai ba za mu haɗu ba, Muƙaddami, Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta.

Usman Mai Wurno

Salam daga Sudan. Mu jikokin waɗanda suka yi hijira bayan Burmi ne, garinmu a bakin kogin Nilu sunan ɗan Attahiru ya ci. Kakana har ya rasu burinsa ya ga Hubbare, bai samu ba. Aminu, ka gode wa Allah da ya sa kai ka kai taka. Da halin da muke ciki a nan yanzu, ko hoton ƙofar wurin aka turo mana muna murna.

Malam Bello Mabera

Allah shi kawo muku zaman lafiya, Usman, mu ma nan gabashin Sakkwato muna fama. Alƙalawa da ɗalibai ka zuwa gani da, yanzu sai mutum ya yi tambaya kafin ya kama hanyar Sabon Birni. In na shiga gari gobe zan ɗauko maka hoton in turo.

Aminu Gusau

Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Jiya da daddare na je ɗakin Inna na karanta mata abin da Malama Rabi'atu ta rubuta, ina yi ina fassara mata inda ba ta gane ba. Da na zo kan malfa sai ta kama hannuna ta ce, "Wa ya gaya mata? Ta ga jajinmu ne?" Ta ce tasu jajin doguwa ce, mai sanda, kuma ba ta yarda yarinya ta yi dariya a hanya in ana waƙa.

Na tambaye ta zancen ƙasa. Ta ce ita ma ta ga matar, ta so ta yi mata magana ƙafa ba ta kai ta ba. Wai a zuwansu na farko wata ƙawarta ta ƙullo ƙasa a ɓoye, jaji ta gano a zangon farko, ta sa ta kwance ta zubar a gaban kowa, sannan ta hana ta abincin dare sai da ta kawo baitocin alwala ba tuntuɓe. Inna ta ce har yau in tana wanke ƙafa muryar yarinyar nan take ji tana kuka tana rerawa.

Na ɗauki muryarta a waya, waƙa uku, ɗaya ta kakare a tsakiya ta ce sauran ya tafi. Malama, in kin yarda zan turo miki ta akwatin saƙo ko za ki gane wace ce, ki cika mata inda ta manta tun tana da ranta.

Yanzu kuma wata sabuwa ta taso. Ta ce a wancan zuwan sun wuce Wurno wajen Bello, tana so in an yi girbi in kai ta. Malam Bello, ya hanyar Wurno take a 'yan kwanakin nan, ana iya zuwa da tsohuwa a dawo a yini ɗaya?